Faɗin Launi da Zurfin Gani

Shekara 12 ke nan da aka gaya wa akawun cewa yana da ciwon suga, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa kai idonsa asibiti ba, don bai ga dalili ba. Abin da ya kai shi daga baya ƙaramin abu ne. Layukan jadawalin da ke kan kwamfutarsa sun soma lanƙwasa daga tsakiya duk sa'ad da ya rufe idon hagu, kamar an zana su a kan ruwa. Ya sake tabarau, layukan suna nan yadda suke.

Likitar ta haska idon da fitila, sannan ta nuna masa wata na'ura a kusurwar ɗakin.

"Alhaji, ɗora haɓarka a nan, ka kalli ɗigon nan, kada ka ƙifta."

"Likita, allura ce?"

"A'a, haske ne kawai. Kafin ka ƙirga biyar an gama."

Haka kuwa aka yi. Hoton da ya fito a allo ya nuna tantanin da ke can bayan ido, wanda kaurinsa a tsakiya bai wuce rubu'in milimita ba, an yanka shi a tsaye kamar yadda ake yanka burodi, kowane hawa a kan ɗan'uwansa, alhali ba abin da ya taɓa idon. Na'urar sunanta OCT. A 1991 ne aka fara bayyana dabararta, daga ɗakin binciken James Fujimoto a jami'ar MIT ta Amurka, yau kuma da ita likitocin ido suke bin diddigin ɓarnar ciwon suga da ta hawan jinin ido.

Abu biyu ne suke sa hoton nan ya yi amfani: ya rarrabe hawa daga hawa komai sirantarsu, kuma ya kai zurfin da ake bukata kafin ya dushe. A sababbin na'urori, hasken yana fitowa ne daga wata leza da ke sauya launi da sauri, ta taso daga wannan gefe ta share zuwa wancan, sau dubbai a kowane sakan. Nisan sharar shi ke ba da kaifin hoto. Sirantar launin a kowane ɗan lokaci ita ke ba da zurfi. Mai ƙera leza yana son duka biyun, gilashin da yake aiki da shi kuwa ba ya ba da su kyauta. Abin da ke yanke farashin wata ɗabi'a ce ta gilashi, wadda za a kira ta rarrabuwa a nan.

Haske ma yana da mita

Wanda ya tashi a gidan da ake kama tashoshin gajeren zango ya san mita 25 da mita 31. Lambobin nan tsawon zango ne, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar rediyo da tudun da ke biye da shi. Haske ma igiya ce irin wannan, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, har sai da nanomita ake auna shi, kashi 1 cikin biliyan 1 na mita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka, shuɗi a ɓangaren gajere, ja a ɓangaren dogo. Gaba da ja akwai hasken da ido ba ya gani, kuma a can ne aikin sadarwa da na OCT yake, wajajen 850 da 1050 da 1310 da 1550. Masu sana'ar suna ce wa kowane zango launi ko da ba a ganinsa. In sun ce wani haske ya fi ja, zangonsa ne ya fi tsawo. In sun ce ya fi shuɗi, ya fi gajarta.

Babu fitilar da ke fitar da zango guda tak. Kamar yadda kowace tasha take cin ɗan wuri a kan allon rediyo, wata ta tsaya cak a inda take, wata ta malala hagu da dama, haka kowane haske yake cin ɗan fili a jerin launuka. Wannan fili shi ne faɗin launi. Ƙaramar fitila mai launi irin ta jikin caja tana cin nanomita 20 zuwa 30. Lezar da aka ƙera don tsabtar launi ba ta cin ko kashi 1 cikin 100 na nanomita guda.

Dangantakar wannan da zurfin gani a fili take. Na'urar OCT tana raba haskenta gida biyu, ta aika rabi ga wani madubi, rabi cikin ido, sannan ta haɗa abin da ya dawo ta gwada tudun wannan da na wancan. In hasken ya ƙunshi launuka da yawa, kowanne da tsawon takunsa, ba za a yi nisa ba sahunsu zai saɓa, gwajin ya rikice. In launin siriri ne, sahun yana daɗewa a daidai. A wajajen nanomita 1310, haske mai faɗin nanomita 1 yana riƙe sahunsa na abin da bai kai milimita guda ba. A rage faɗin zuwa 0.1, sai tazarar ta haura milimita 7. Tsawon ƙwayar idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, kimanin milimita 24 ne. Wanda ke son ya ga ido gaba ɗayansa a hoto guda yana bukatar launi siriri sosai.

Ayarin da ke rabuwa a hanya

A sararin da babu komai, duk launuka gudunsu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a sakan. Da zarar sun shiga gilashi sai gudun ya sauka zuwa wajen 200,000, kuma kowane launi da nasa gudun. Wannan bambanci shi ne rarrabuwa. Shi ne ya baje wa Isaac Newton hasken rana zuwa launuka a cikin dalma mai kusurwa uku a shekarun 1660, shi ne kuma ke zana bakan gizo a ɗigon ruwan sama.

Zaren gilashin da ake sadarwa da shi kaurinsa maikuromita 125 ne, ya ɗan ɗara gashin kai, hasken kuma yana bi ta wata cibiya mai faɗin maikuromita 9 ko kusa. A zangon 1550, launuka biyu da ke da tazarar nanomita 1 a tsakaninsu suna rabuwa da kimanin fikosakan 17 a kowace kilomita. Fikosakan kashi 1 ne cikin tiriliyan 1 na sakan. Adadin kamar ba komai ba, amma a wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Legas, masu tsawon dubban kilomita, dole a biya shi, ko da wani zaren mai gyara ko da lissafin kwamfuta a wurin karɓa, in ba haka ba saƙonni su hau kan juna.

Dunƙulen haske da aka saka cikin zare kamar ayari ne da ya bar gari a tare, raƙuma da jakuna da masu tafiya a ƙasa. A ƙofar gari wuri kaɗan ya ci. Bayan yini guda na gaba ya yi wa na baya nisa, ayarin ya miƙe a kan hanya, ko da yake ba wanda ya ƙaru ba wanda ya ragu. Haka rarrabuwa take: ita kaɗai ba ta ƙara launi ba ta rage launi, jera su kawai take yi, masu sauri a gaba.

Wane ne mai saurin, wannan ya danganta da wurin da ake. A zaren sadarwa na yau da kullum, ƙasa da nanomita 1310 ja ne ke gaba, ana kiran wannan rarrabuwa ta al'ada. Sama da 1310 lamarin yana juyewa, shuɗi ya wuce gaba, wannan ita ce rarrabuwa ta akasi. A daidai mahaɗar, rarrabuwar tana kusan ɓacewa. Ana kuma iya ƙera zare na musamman da zai ba da ta al'ada mai ƙarfi a zangon 1550, ta hanyar sauya girman cibiyarsa da sinadaran da ke cikinta.

Tafi a tare

Lezar zare abu ce mai sauƙin fasali. A ɗauki zare mai tsawon mita 10, a haɗa bakinsa da ƙarshensa ya zama zobe, a sa guntun zaren da aka cuɗa da sinadarin erbiyum a ciki. In aka ciyar da erbiyum da wani hasken, yana ƙarfafa duk hasken da ya ratsa shi a tsakanin nanomita 1530 da 1565. Ƙungiyar David Payne a jami'ar Southampton ta Ingila ce ta nuna wannan amfani nasa a 1987. Haske yana zagaya zoben cikin kimanin nanosakan 50, wato sau miliyan 20 a sakan, yana ƙara ƙarfi, ana ɗiban kaɗan daga ciki ana fitarwa.

Ba kowane zango ne ke rayuwa a zoben ba, sai wanda tudunsa ya dawo daidai kan tudu bayan zagaye guda. Tsirkiyar molo ma haka take, tsawonta ne ke zaɓar muryoyin da za ta iya yi. Zoben mita 10 yana da muryoyi dubbai, jere da juna, tazarar megahaz 20 tsakanin kowace da maƙwabciyarta. In an bar su, kowace tana tashi lokacin da ta ga dama, abin da ke fita sai ya zama haske mai ɗorewa mai ɗan hargitsi, kamar tafin jama'a a babban taro. In kuwa aka sa su buga a tare, sai a sami ƙara guda mai ƙarfi, shiru ya biyo, sannan wata ƙarar. Wannan shi ne kulle muryoyi, kuma tun 1964 Hargrove da Fork da Pollack suka nuna shi a ɗakunan binciken Bell na Amurka. Ana yin sa da ƙofa. Wata ƙofar lantarki ce ke buɗe ta yana rufewa a kan ƙa'ida. Wata kuwa abu ne da ke shanye haske mai rauni ya bar mai ƙarfi ya wuce, don haka dunƙulen da kansa yake buɗe wa kansa hanya.

Akwai doka a nan da ba ta da makawa: gwargwadon gajartar dunƙule, gwargwadon yawan muryoyin da yake bukata. A zangon 1550, dunƙule mai tsawon fikosakan 1 yana bukatar faɗin launi na aƙalla nanomita 2.5. Wanda ya fi shi gajarta sau 10, wato femtosakan 100, yana bukatar nanomita 25, muryoyi sama da 150,000 ke nan a zoben nan. Sai a dawo kan lissafin ayari. Nanomita 25 sau 17 ya ba da fikosakan 425 a kilomita, ko femtosakan 425 a mita guda. Zagaye ɗaya tak a zoben mita 10 ya isa ya miƙar da dunƙulen sau 40. Amma a zahiri akwai lezoji da dunƙulensu ke zagayawa wata da watanni ba tare da siffarsa ta sauya ba. Bayanin wannan ya faro ne daga bakin wani magudanin ruwa, tun ba a san leza ba.

Mutumin da ya bi igiyar ruwa a kan doki

A watan Agusta na 1834, wani injiniya ɗan shekara 26 mai suna John Scott Russell yana gwajin jiragen ruwa a magudanin Union, kusa da Edinburgh a Sikotlan. Dawaki biyu ne ke jan jirgin. Jirgin ya tsaya kwatsam, ruwan da ya tara a gabansa bai tsaya ba. Ya dunƙule ya zama tudu guda mai santsi, tsawonsa kamar ƙafa 30, tsayinsa ƙafa 1 zuwa 1 da rabi, ya kama hanya da gudun mil 8 ko 9 a awa. Russell ya bi shi a kan doki har mil 1 ko 2 kafin ya ɓace masa a lanƙwasar magudanin.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tudun bai baje ba. Ruwa ma yana da rarrabuwa, dogayen igiyoyi sun fi gajeru sauri, don haka kamata ya yi tudun ya miƙe ya kwanta. Russell ya gina kwatami a gidansa yana maimaita gwajin, ya rubuta rahoto a 1844. Manyan masanan zamaninsa, George Airy da George Stokes, ba su gamsu ba. Ya rasu a 1882, sai a 1895 Korteweg da de Vries na Holan suka fitar da lissafin da ya nuna yadda abin yake: akwai wani ƙarfi na biyu, mai sa dogon tudu ya fi gajere gudu ya nemi tsukewa, kuma a wani girma na musamman tsukewar da bajewar suna cinye juna. A 1965 Zabusky da Kruskal suka raɗa wa irin wannan igiya suna soliton.

Gilashi yana da nasa ƙarfi na biyu. Haske mai tsanani yana ɗan ƙara wa gilashin da yake ratsawa nauyi, ya rage wa kansa gudu. Tsakiyar dunƙule ta fi gefensa tsanani, sakamakon haka goshin dunƙulen yana karkata zuwa ja, wutsiyarsa zuwa shuɗi. Wannan, saɓanin rarrabuwa, yana iya haifar da sababbin launuka. To, a zaren da ke da rarrabuwa ta akasi shuɗi ne mai sauri. Wutsiyar da ta yi shuɗi sai ta ƙara gudu, goshin da ya yi ja ya rage, ayarin ya tattara kansa. Akira Hasegawa da Fred Tappert suka yi hasashen haka a 1973, Linn Mollenauer da Roger Stolen da James Gordon suka gan shi a 1980, a zare mai tsawon mita 700. Tudun Russell ne ya dawo, a cikin gilashi.

Hanyoyi uku, faɗi uku

Daga nan ne jimillar rarrabuwar zobe ta zama abin da mai ƙera leza yake fara lissafawa, domin ita ke nuna irin dunƙulen da zai rayu a ciki, dunƙulen kuma shi ke nuna faɗin launi.

In jimillar ta akasi ce, soliton ake samu. A nan ƙarfin dunƙule da tsawonsa da yawan rarrabuwa a ɗaure suke da juna. A bar ƙarfin yadda yake a ninka rarrabuwar, sai dunƙulen ya ninka tsawo, faɗin launinsa ya koma rabi. Jerin launin yana fitowa da siffar tudu mai santsi, da wasu ƙayoyi sirara a hagu da dama, waɗanda aka sa wa sunan S. M. J. Kelly da ya bayyana su a 1992. Ƙayoyin haske ne da soliton ke zubarwa a kowane zagaye, kuma tazararsu daga tsakiya tana gaya wa mai aunawa yawan rarrabuwar zoben. Aibin wannan hanya shi ne ba ta ɗaukar ƙarfi. A ƙara mata abinci, sai dunƙulen ya tsage gida biyu ko uku.

In aka haɗa zare mai ta al'ada da mai ta akasi har jimillar ta kusan zama sifili, dunƙulen yana numfashi: ya miƙe a wannan rabin zoben, ya tsuke a wancan. Da yake yawancin tafiyarsa a miƙe yake, tsananinsa yana raguwa, ya iya ɗaukar ƙarfi da launuka fiye da soliton. A nan ne ake samun faɗin launi mafi girma da dunƙule mafi gajarta. A 1993 Tamura da Ippen da Haus da Nelson a MIT suka sami femtosakan 77 ta wannan hanya.

In kuwa duk zoben ta al'ada ce, babu abin da zai tattara ayarin, an daɗe kuma ana ganin leza ba za ta kullu haka ba. A 2006 ƙungiyar Frank Wise a jami'ar Cornell ta nuna akasin haka da lezar itabiyum, mai aiki wajajen nanomita 1030. Sun sa matatar launi a cikin zoben. Tunda launukan a jere suke, ja a gaba shuɗi a baya, yanke gefen launi daidai yake da yanke goshi da wutsiya, don haka matatar tana datse dunƙulen a kowane zagaye. Jerin launin irin wannan leza yana da gefe a tsaye kamar bango, dunƙulen yana fita a miƙe sai an matse shi a waje, amma ƙarfinsa ya ninka na soliton sau gommai.

Kalmar faɗi tana da ma'ana ta biyu a wannan fage. Ban da faɗin jerin gaba ɗaya, kowace murya a cikin dubban nan tana da nata ɗan faɗin, wanda hayaniya ke haifarwa. Duk sa'ad da erbiyum ya ƙarfafa dunƙule, yana ɗan ture launinsa ba bisa ƙa'ida ba, rarrabuwa kuma tana mayar da wannan turin ya zama jinkiri ko gaggawa wajen isowa. Gordon da Haus suka yi lissafin wannan a 1986. Shi ya sa masu amfani da muryoyin a matsayin ma'aunin haske, aikin da ya kai John Hall da Theodor Hänsch ga kyautar Nobel a 2005, suke son zoben da jimillarsa ke kusa da sifili.

Duk wannan na lezar da ke tsaye a launi guda ne. Wadda ake juya launinta tana da ƙarin matsala, domin rarrabuwa ba ta tsaya a adadi ɗaya ba. A zaren sadarwa tana tashi daga kimanin 16 a zangon 1530 zuwa kimanin 18 a 1565. A zoben soliton wannan yana ɗan rage faɗin launi yayin da ake matsawa zuwa ja. A zoben da aka daidaita kusa da sifili kuwa, ɗan bambancin nan ya isa ya tsallakar da jimillar daga wannan gefe zuwa wancan, lezar ta sauya hali gaba ɗaya a tsakiyar juyi. Ƙarfafawar erbiyum ma ba ɗaya take a ko'ina ba, tana raguwa a gefe, abin da ke ƙara tsuke launin a can.

Dabarar Tokyo

Yawancin lezoji masu shara suna sauya launi ne da wani abu mai motsi, madubi mai juyawa ko 'yar matata mai karkarwa, kuma abu mai motsi yana da iyakar gudu. A 2006 Shinji Yamashita na jami'ar Tokyo da abokin aikinsa suka nuna lezar da ke share sama da nanomita 100 ba tare da wani abu ya motsa ba. Maimakon su rage rarrabuwa, cika zoben suka yi da ita da gangan.

Ga yadda abin yake aiki. A zobe mai rarrabuwa da yawa, kowane launi yana da nasa lokacin zagaye. A sa ƙofar lantarki mai buɗewa a kan ƙa'ida. Launin da lokacin zagayensa ya dace da buɗewar ƙofar shi ne zai riƙa wucewa yana ƙarfi. Wanda ya fi shi ja ko shuɗi zai riƙa isowa kafin a buɗe ko bayan an rufe, a datse shi kaɗan-kaɗan har ya mutu. A ɗan sauya saurin ƙofar, sai wani launin ya zama mai dacewa. Saurin wutar lantarki ya zama abin juya launi.

A nan cinikin ya fito ƙarara, har ana iya yin lissafinsa a bayan ambulan. A ce jimillar rarrabuwar zoben fikosakan 10 ce a kowane nanomita, ƙofar kuma tana buɗewa sau biliyan 1 a sakan, wato bayan kowane fikosakan 1,000. Launin da ya kauce da nanomita 1 zai makara da fikosakan 10 a kowane zagaye. Wanda ya kauce da nanomita 100 zai makara da 1,000 cif, ya tarar da ƙofar ta sake buɗewa, ya wuce kamar shi ne mai wurin. Iyakar sharar ke nan, nanomita 100, don bayan nan launuka biyu za su tashi lokaci guda. Yanzu a ninka rarrabuwar zuwa 20. Kowane mai kaucewa zai makara ninki biyu, ƙofar ta fi saurin gane shi, launin ya ƙara siranta, hoto ya ƙara zurfi. Amma iyakar sharar ta sauka zuwa nanomita 50, kaifin hoton ya ragu da rabi. A zangon 1310, sharar nanomita 100 tana rarrabe abubuwa biyu masu tazarar maikuromita 7 zuwa 8 a iska. Sharar 50 sai masu tazarar 15. Ƙara saurin ƙofar ma haka yake yi, ya sirantar da launi ya rage nisa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai farashi na uku. Hanya mafi sauƙi ta ƙara rarrabuwa ita ce ƙara tsawon zare, dogon zobe kuwa yana ɗaukar lokaci kafin a zagaye shi. Sabon launi yana bukatar zagaye da dama kafin ya kafu ya tsabtata. In ana shara da sauri, ba ya samun wannan dama, launin ya faɗaɗa. Ido kuma ba ya tsayawa cak, don haka sauri ba abin ado ba ne a asibiti. Domin kauce wa wannan ne ƙungiyar ta Tokyo ta koma ga wani guntun zare da aka zana wa layuka a cikin cibiyarsa, masu tazarar da ke ƙaruwa daga wannan baki zuwa wancan. Kowane launi yana shiga har zurfin da tazarar ta dace da shi kafin ya juyo, ta haka santimita kaɗan suke ba da rarrabuwar da sai zare mai tsawon mita ɗari ko fiye zai bayar.

Ɓangaren da rarrabuwar ta karkata ma yana da tasiri, kuma darasin magudanin Union ne ya sake dawowa. Tsananin haske a kullum yana tura goshin dunƙule zuwa ja, wutsiya zuwa shuɗi. In zoben na al'ada ne, ja ya riga ya kasance a gaba, turin sai ya ƙara nisanta launukan, faɗin ya ƙaru. In na akasi ne, shuɗi ne a gaba, turin yana mayar da goshi da wutsiya zuwa tsakiya, launin ya tsuke. Zobe biyu masu rarrabuwa daidai wa daida a adadi suna iya ba da zurfin hoto mabambanci, saboda kawai an juya guntun zaren nan mai layuka an shigar da haske ta ɗaya bakin.

Abin da ke cikin hoton

Akawun bai san da zare ko ƙofa ko soliton ba, kuma kamfanonin da ke ƙera na'urorin asibiti suna da wasu hanyoyin samar da haske ban da ta Tokyo. Amma kowace hanya aka bi, wani ya zauna ya yanke shawarar nawa zai saya na kaifi, nawa na zurfi, nawa na sauri, ya san kuma abin da ya bari. Na'urar da aka yi don tantanin bayan ido tana fifita kaifi, domin milimita 2 ko 3 na zurfi sun ishe ta. Wadda aka yi don auna tsawon ido kafin aikin cire yana tana fifita zurfi. Ko a cikin na'urar kanta sai an daidaita rarrabuwa, domin hasken da ya ratsa ruwan ido ya dawo ya jeru daban da wanda ya je madubi, in ba a gyara ba layukan hoton su yi kauri.

Likitar ta juyo da allon ta nuna masa da bakin biro. A tsakiyar tantanin, inda ya kamata a ga ɗan kwari, wurin ya kumbura, da wasu baƙaƙen aljihu ƙanana a tsakanin hawa da hawa.

"Alhaji, ka ga waɗannan? Ruwa ne ya tsiyayo daga ƙananan jijiyoyin jini. Shi ne ke lanƙwasa maka layi."

"Yana da magani?"

"Yana da. Wannan karon kam allura ce, kuma ba sau ɗaya ba. Sai kuma ka riƙe sugan da kyau. Wata mai zuwa za mu sake ɗauka, mu gwada kaurin da na yau."

Ta rubuta adadin kaurin a katinsa, da maikuromita, ta sa kwanan wata a gefe.